Madrid Kafin Motar Andalus: Bitar Wani Shirin Yawon Buɗe Ido da Ake Sayarwa a Legas

Wasu daga cikin kamfanonin shirya tafiye-tafiye da Hausawan Legas suka saba hulɗa da su, waɗanda a da harkarsu ba ta wuce kujerar Umra da tikitin Dubai ko na Guangzhou ba, yanzu sun ƙara da sayar da shirin yawon buɗe ido a ƙasar Sifaniya. Tsarin kusan iri ɗaya ne: matafiyi zai sauka a Madrid, ya yi 'yan kwanaki yana cin gashin kansa, daga nan ya shiga babbar motar wani kamfani na can ƙasar tare da jagora, a zaga da shi garuruwan Andalus, wato Kurɗuba da Ishbiliya da Garnaɗa, a biyo ta Toledo a dawo da shi Madrid. Ni da yayana, wanda ke harkar shanu a Agege, da uwargidansa Hajiya mun sayi irin wannan shiri daga wani kamfani da ke Ikeja, muka yi tafiyar a watan Mayu. Ɓangaren motar aiki ne na ƙwararru wanda ya ci kuɗinsa, amma kwanakin Madrid an sayar mana da su ne ba tare da wani ya zauna ya tsara su ba, alhali su ne suka fi buƙatar tsari ga mutumin da bai taɓa taka ƙasar ba, ba ya jin harshenta, kuma yana da salla da abincin da zai kiyaye.

Inda kamfanin ya fi nuna ƙwarewa shi ne wajen takardun biza, kuma ya kamata a yaba masa. Sifaniya tana cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza guda, tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Victoria Island, kuma ana miƙa takardu ne ta hannun kamfanin BLS. Kuɗin bizar ya koma Yuro 90 tun watan Yunin 2024, ban da ladan masu karɓar takardu. Dole mai nema ya nuna inshorar lafiya wadda ta kai Yuro 30,000, da fasfo wanda zai ci gaba da aiki aƙalla wata 3 bayan ranar dawowa, da shaidar masauki, da bayanin asusun banki. A ƙa'ida ana yanke hukunci cikin kwana 15, amma doka ta ba su damar kaiwa kwana 45. Ma'aikacin da ya kula da mu ya haɗa mana takardar jadawalin tafiya da shaidar kowane otal da za mu kwana, ya kuma faɗa mana gaskiya tun farko cewa babu wanda zai iya yi wa mutum alƙawarin biza. Abin da bai faɗa ba sai da na tambaya shi ne, idan an hana mutum biza, akwai kason kuɗin shirin da ba zai dawo ba. Wannan sharaɗi yana cikin yarjejeniyar da ƙananan haruffa, kuma duk mai niyyar biya ya nemi a rubuta masa adadin a fili kafin ya tura ko sisi.

Daga saukarmu a filin jirgin Barajas, bayan mun yada zango a Kasablanka, giɓin shirin ya fara bayyana. Takardar da aka ba mu ta ce “otal a Madrid”, ba ta ce a wace unguwa ba, kuma babu motar da za ta ɗauke mu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a Madrid kuɗin tasi daga filin jirgi ƙayyadadde ne matuƙar inda za ka yana cikin da'irar babbar hanyar da ake kira M-30, wadda ta kewaye tsakiyar gari. Otal ɗinmu yana wajen wannan da'ira, saboda haka mita ce ta yi aiki. Otal ɗin kansa ba shi da laifi: ɗakuna masu tsabta, ruwan zafi, da karin kumallo mai yawa. Laifin na nisa ne. Kullum sai mun kashe lokaci mai tsawo a hanya kafin mu isa inda abin gani yake, kuma ba mu da damar komawa ɗaki da rana domin Hajiya ta huta ko mu yi salla cikin natsuwa. Bambancin kuɗin otal na tsakiyar gari da na bayan gari shi ne ribar da kamfanin ya ci a kanmu, mu kuma muka biya shi da ƙafafunmu. Haka kuma ba a gargaɗe mu cewa ba a ba da ɗaki sai da rana tsaka ba, ga shi jirginmu ya sauka da safe, kuma ba a gaya mana cewa soket ɗin ƙasar mai rami biyu ne zagayayyu ba, wanda filogin wayarmu mai ƙafa uku ba ya shiga.

Abin da ya cece mu shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin, wato metro, wanda aka buɗe tun 1919. Ana sayen kati guda mai suna Multi a zuba masa tafiye-tafiye, kamar dai yadda muke yi da katin Cowry a motocin BRT, kuma mutane da yawa za su iya amfani da kati ɗaya. Layi na 8 shi ne ke haɗa filin jirgi da gari, sai dai akwai ƙarin kuɗi na musamman ga mai shiga ko fita ta tashar filin jirgin. Wasu tsofaffin tashoshi suna da matakala masu yawa, abin da ya wahalar da Hajiya saboda ciwon gwiwa, kuma a tashoshin da ke da cunkoso kamar Sol dole mutum ya riƙe jakarsa ta gaba saboda 'yan sane. Duk wannan bayani ne da bai fi shafi ɗaya ba, da kamfanin ya so da ya buga ya ba mu tun a Ikeja.

Abu ɗaya tak da shirin ya tanada a Madrid shi ne zagayen rabin yini a cikin mota. An bi da mu ta titin Gran Vía, da dandalin Cibeles inda magoya bayan Real Madrid ke taruwa idan an ci kofi, da ƙofar Alcalá wadda aka kammala a 1778, da filin wasan sa na Las Ventas. Jagoran yana fara bayani ne da Sifaniyanci sannan ya maimaita da Turanci, kuma da yake mota ba ta jira, sau da yawa kafin Turancin ya iso kunnenmu ginin da ake magana a kai ya riga ya wuce. Zagayen yana da amfani wajen gane yadda garin ya shimfiɗu, amma bai kamata a ƙidaya shi a matsayin ganin Madrid ba. Tsakiyar birnin wuri ne da ake gani da ƙafa, kuma daga dandalin Puerta del Sol, inda alamar da ake fara auna nisan manyan hanyoyin ƙasar take, zuwa Plaza Mayor da aka gina a zamanin Sarki Felipe na III, zuwa fadar sarki, duk tafiya ce da dattijo zai iya yi a hankali.

Babban abin da ya ba ni takaici a wannan zagaye shi ne abin da aka tsallake. An tallata mana tafiyar ne da sunan ganin tarihin Musulunci a Andalus, amma babu wanda ya ce mana Madrid ɗin kansa Musulmi ne suka kafa shi. Sarkin Kurɗuba Muhammadu na I, wanda ya yi mulki daga 852 zuwa 886, shi ne ya sa aka gina sansani a kan tudun da ke kallon kogin Manzanares domin tsaron hanyar Toledo, kuma daga wannan sansani garin ya tsiro. A nan aka haifi masanin lissafi da taurari Maslama al-Majriɗi, wanda ya yi rayuwarsa ta ilimi a Kurɗuba. Garin ya faɗa hannun Sarki Alfonso na VI a ƙarshen ƙarni na 11, a daidai zamanin da ya karɓi Toledo a 1085, kuma bai zama babban birnin ƙasa ba sai a 1561, lokacin da Felipe na II ya mayar da fadarsa can. Ragowar ganuwar Musulmin tana nan har yau a gangaren Cuesta de la Vega, a bayan babbar majami'ar Almudena, cikin wani ɗan lambu da hukumar birnin ta sa wa sunan shi wannan sarki Muhammadu. Ba wani dogon gini ba ne, duwatsu ne masu kauri da gindin hasumiyoyi, amma su ne mafi tsufan ginin garin da ya rage a tsaye. Da muka isa wurin, yayana ya daɗe yana duban katangar, sannan ya ce da ni, “Kai, ashe abin da muka biya kuɗi mu je gani a kudu tun daga nan ya faro.” Na ce, “Haka ne, Yaya, kuma motar jiya ta bi ta kusa da nan, ba a ko nuna mana ba.” Tsayawar minti 10 da ta wadatar, kuma da ta ɗaura kwanakin Madrid da sauran tafiyar.

Fadar sarki tana nan kusa, a kan filin tsohon sansanin. Gidan sarautar da ya gabace ta ya ƙone a watan Disambar 1734, aka gina wannan a madadinsa, kuma tana da ɗakuna fiye da 3,400, ko da yake kaɗan ne daga ciki ake buɗe wa baƙi. Sarki Felipe na VI ba a nan yake zaune ba, yana fadar Zarzuela a bayan gari, wannan kuwa ta bukukuwan gwamnati ce. Tikitinta ba ya cikin shirin, kuma wanda bai saya ta intanet tun da wuri ba zai tsaya a dogon layi cikin rana. Haka abin yake a kusan kowane wurin tarihi na garin. Kamfanin da ya iya sayen tikitin jirgi bai rasa yadda zai sayi na fada ba, ko da zai ɗora ladansa a kai.

Game da gidajen adana kayan tarihi, ra'ayina ya saɓa wa na yawancin masu talla. Kowa Prado yake ambata, kuma ba shakka gida ne mai daraja, an buɗe shi a 1819, yana ɗauke da zane-zanen Velázquez da Goya, ana kuma shiga kyauta a awa biyun ƙarshe na kowace rana ga wanda zai jure layi. Amma mafi yawan abin da ke ciki hotunan sarakuna ne da na labaran addinin Kirista, akwai kuma na tsiraici da dama, saboda haka wanda zai je da iyayensa ko surukansa ya san abin da zai tarar. Ga mai shirin shiga motar Andalus, gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke titin Serrano ya fi amfani nesa ba kusa ba. A can akwai sashe na musamman na zamanin Musulunci, da tsabar dinare da dirhami, da sassaƙen gine-gine, da wani ɗan akushin hauren giwa mai murfi wanda aka sassaƙa a shekarar 964 bisa umarnin Halifa al-Hakam na II, aikin da ƙanƙantarsa da kyansa suka sa na daɗe a gabansa. Wanda ya ga waɗannan kayayyaki kafin ya isa Kurɗuba zai fi fahimtar abin da jagora ke faɗa cikin gaggawa a can. Sai dai gidan ba ya buɗewa ranar Litinin.

Abinci shi ne inda rashin shiri ya fi cizo. Sifaniya ƙasar naman alade ce, ana rataye cinyoyinsa busassu a shaguna da gidajen abinci, kuma ganinsa a rataye ba shi ne matsalar ba, domin wannan kowa zai gane ya kauce. Matsalar ita ce inda yake ɓoye. Ana yanka shi ƙanana a cikin soyayyun dunƙulen da suke kira croquetas, ana jefa tsiren alade a cikin faten wake, ana barbaɗa shi a kan miyar tumatir mai sanyi ta Kurɗuba, kuma wasu kayan zaƙi na gargajiya da kitsensa ake yin su. Abin da muka dogara da shi shi ne wainar ƙwai da dankalin Turawa, da kifi, da shinkafa da kayan teku, da burodi mai soyayyen kifin tawada da ake sayarwa a kewayen Plaza Mayor. A unguwar Lavapiés kuwa akwai gidajen abincin halal na 'yan Maroko da Bangaladash da Senegal, kuma a wurin 'yan Senegal ne Hajiya ta fara cin abinci da daɗin rai, domin shinkafa da kifinsu ba ta yi nisa da dafa-dukarmu ba. Ya kamata mutum ya san lokacin cin abincin mutanen ƙasar: na rana daga ƙarfe 2 ne, na dare kuwa sai wajen ƙarfe 9, kuma gidajen abinci da yawa ba sa dafa komai a tsakani. Da rana ana samun abin da suke kira menú del día, wato abinci kala biyu da abin sha da kayan zaƙi a kan farashi guda, kuma shi ya fi araha. Ruwan famfon Madrid yana da kyau, kuma tun 2022 doka ta wajabta wa gidajen abinci su ba da shi kyauta ga wanda ya nema.

Salla ma da kanmu muka nemo hanyarta. A lokacin zafi agogon Sifaniya yana gaban na Najeriya da awa ɗaya, kuma a watan Mayu rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, saboda haka Isha'i tana kaiwa can dare, Asuba kuma ba ta jinkiri. Wanda bai lissafa wannan ba zai yi ta fama da barci da rana. Mun yi Juma'a a Cibiyar Al'adun Musulunci da ke bakin hanyar M-30, farin gini na marmara wanda Saudiyya ta ɗauki nauyinsa aka buɗe a 1992, ana zuwa ta tashar Barrio de la Concepción a layi na 7. Akwai kuma masallacin Abubakar a unguwar Tetuán, kusa da tashar Estrecho, wanda ya girme shi da 'yan shekaru. Kamfanin da ma'aikatansa Musulmi ne, abokan cinikinsa Musulmi ne, wanda kuma ya saba kai mutane Makka da Madina, bai ga dacewar rubuta mana adireshin masallaci ko ɗaya ba, kuma wannan ne abin da na fi riƙe shi da shi.

Filin wasan Santiago Bernabéu na ƙungiyar Real Madrid, wanda aka buɗe a 1947 aka kuma sabunta shi kwanan nan da rufin da ke buɗewa da rufewa, yayana ne ya matsa sai mun je, saboda 'ya'yansa sun ce kada ya dawo Agege ba tare da hoto a gaban kofunan Turai 15 na ƙungiyar ba. Tikitin yana da tsada, amma ga mai son ƙwallo ba asara ba ce. Lambun Retiro kyauta ne, kuma wuri ne mai kyau na hutar da ƙafa. Haikalin Debod, wanda Masar ta bai wa Sifaniya a 1968 saboda taimakon da ta yi wajen ceto gine-ginen Nubiya daga ruwan madatsar Aswan, ya cancanci ziyarar yamma. Ga 'yan kasuwa kuma, kasuwar Rastro tana ci ranar Lahadi da safe, amma shawarata ita ce a bar sayayya sai an dawo daga kudu, domin motar akwati ɗaya take yarda wa kowane fasinja. Mazaunin Najeriya yana da haƙƙin a mayar masa da harajin kaya, wanda a yawancin kayayyaki kashi 21 cikin 100 ne, idan ya karɓi takardar a shago ya tabbatar da ita a filin jirgi kafin ya tashi, ko da yake masu biyan kuɗin suna cire ladansu.

Ranar shiga mota komai ya canja. An ce ƙarfe 8 na safe a wani ofishi da ke tsakiyar gari, kuma ƙarfe 8 ɗin aka tashi, ba a jira kowa ba. A nan ma nisan otal ɗinmu ya sa sai da muka fito tun da duhu da akwatuna. Motar sabuwa ce, kujerunta suna kwantawa, na'urar sanyaya iska tana aiki, an kuma raba wa kowa 'yar na'urar saƙalawa a kunne domin jin jagora a wuraren cunkoso. Jagorar, wata mata mai matsakaicin shekaru, ta san aikinta, tana ƙidaya mu a kowace tasha, kuma Turancinta a fili yake. Daga Madrid zuwa Kurɗuba kusan kilomita 400 ne, ta filayen La Mancha da mashigin duwatsun Despeñaperros, kusa da inda aka yi yaƙin 1212 wanda ya karya ƙarfin daular Muwahhidun a Andalus. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa direba hutun minti 45 bayan tuƙin awa 4 da rabi, kuma wannan doka ta yi mana rana, domin a irin waɗannan tashoshi muke haɗa Azahar da La'asar mu yi ƙasaru a gefen wurin ajiye motoci. Banɗakunan ba a yi su domin alwala ba, saboda haka ƙaramar gorar ruwa da dardumar aljihu suna cikin kayan da ba a bari a akwati.

A ranar farko muka gane cewa bayanin abincinmu, wanda muka cike a takarda tun a Ikeja, bai taɓa isa hannun kamfanin Sifaniya ba. Da muka gaya wa jagorar, nan take ta kira otal-otal ɗin da ke gabanmu, kuma daga ranar ake ajiye mana kifi ko ƙwai. Wannan ya nuna cewa ba wahala ce ta hana ba, saƙon ne kawai ba a aika ba.

Kurɗuba an ba ta sa'o'i kaɗan ne, kuma wannan shi ne babban aibin jadawalin. Masallacin da Abdurrahman na I ya fara ginawa wajen shekarar 785, mai ginshiƙai fiye da 800 da bakuna masu ratsin ja da fari, an mayar da shi majami'a tun 1236, an kuma gina wata a tsakiyarsa a ƙarni na 16. Ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba, masu gadi suna sa ido sosai, kuma gara a gaya wa mutum wannan tun a gida da ya ji shi daga bakin mai gadi. Jagoran wurin ya yi bayanin gini da kyau, ya nuna mana mihrabin da al-Hakam na II ya ƙawata, amma bayaninsa na Turawa ne. Bai san cewa a cikin motarsa akwai mutanen da ƙasarsu ke bin mazhabar Malikiyya ba, kuma cewa riwayar Muwaɗɗa da ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya ta Yahaya bin Yahaya al-Laisi ce, malamin da ya rayu ya kuma rasu a wannan gari. Ba na ɗora masa laifi, aikin kamfanin Legas ne ya san wa yake sayar wa tafiya.

A Ishbiliya, wadda 'yan ƙasar ke kira Sevilla, an fi samun sarari. Hasumiyar Giralda, wadda Muwahhidun suka kammala a 1198 a matsayin hasumiyar kiran salla, ana hawanta ne ta gangare mai zagayawa, ba ta matakala ba, shi ya sa har yayana ya kai sama. Da dare an tallata mana kallon rawar flamenco da kuɗi na dabam, muka ce mun gode, kuma ba a matsa mana ba.

Garnaɗa ce ta biya kuɗin tafiyar. Tikitin shiga fadojin Banu Nasr a Alhambra yana ɗauke da sunan mutum da lambar fasfonsa da lokacin shigarsa, yakan ƙare makonni kafin ranar, kuma wanda ya makara ya rasa. Kamfanin motar ya tanadi wannan tun da wuri, ya kuma tunatar da mu da dare cewa kowa ya riƙo fasfonsa na asali. Muka shiga a kan lokaci, muka ga farfajiyar zakuna, da taken gidan sarautar, “Wa la galiba illallah”, wanda aka sassaƙa a bango ba adadi, a fadar da sarkinta na ƙarshe ya miƙa ranar 2 ga Janairun 1492. Daga wannan gari ne mawaƙi Abu Ishaƙ al-Sahili ya fito, wanda ya haɗu da Mansa Musa a aikin Hajjin 1324 ya biyo shi Mali, har ya rasu a Tumbuktu. Masallacin Garnaɗa na yanzu, wanda aka buɗe a 2003 a kan tudun Albaicín, ba ya cikin jadawali, amma yammacin ranar babu wani shiri, sai muka ɗauki tasi muka je muka yi Magariba, kuma daga lambunsa ana hango Alhambra gaba ɗaya. Toledo kuwa a hanyar dawowa aka tsaya, kowa ya gaji, kuma kaso mai yawa na lokacin ya tafi a wani shagon takubba da kayan ado inda a fili yake ana son mu yi sayayya.

Wanda yake matashi, yana jin Turanci, kuma ya saba da sayen tikiti ta waya, zai iya yin wannan tafiya da kansa a jirgin ƙasa mai gudu, wanda tun 1992 yake haɗa Madrid da Ishbiliya ta Kurɗuba cikin kimanin awa 2 da rabi, ya kuma ba kowane gari lokacin da yake so. Amma ga mai tafiya da dattawa ko iyali, motar ta fi sauƙi, domin ba ruwanka da ɗaukar kaya daga tasha zuwa tasha, ko neman otal, ko fargabar tikitin Alhambra. Irin wannan matafiyi shi nake ba shawarar ya sayi ɓangaren motar da taimakon biza daga kamfanin Legas, amma ya ƙi karɓar otal ɗin Madrid sai an rubuta masa sunansa da unguwarsa, ya duba taswira ya tabbatar yana cikin da'irar M-30, kuma kusa da inda motar za ta tashi. Ya nemi a nuna masa shaidar cewa an aika bayanin abincinsa zuwa Sifaniya, ya tambayi ko tukuicin direba da jagora yana cikin kuɗin, domin namu ba ya ciki. Motocin suna da ranakun tashi tsayayyu a mako, saboda haka kafin a yanki tikitin jirgi daga Legas a ɗauki kalanda a lissafa baya, yadda Juma'a za ta samu mutum a Madrid inda masallaci ke da sauƙin zuwa, kuma ranar da ya ware wa gidan tarihi na titin Serrano ba za ta faɗo Litinin ba.